Wai In Yabi Gimbiya

Litinin, 5 ga Mayu

Malamar makarantar su Gimbiya ce ta ba ni wannan littafin. Wai in riƙa rubuta abu ɗaya mai kyau da 'yata ta yi da waya a kowace rana. Ni mai gyaran firij, shekara arba'in da shida, an mai da ni ɗan aji.

Da hantsi aka kira ni makaranta. Na bar firizar mai sayar da kifi a kwance, injinta kwamfuresa a ƙasa, na hau babur. Laifin shi ne Gimbiya ta ɗauki bidiyon malamin lissafi yana gyangyaɗi, ta ɗora masa kiɗa, ta tura zauren hirar ajinsu na waya. Shekararta goma sha uku. Wayar ma tsohuwar ta uwarta ce, mun ba ta saboda aikin gida da ake turowa ta ciki. Sau uku ina ƙwace ta a bana.

Na faɗa wa Malama haka, ina jiran ta ce na kyauta. Ita ce mai ba ɗalibai shawara, kuma ko ƙanwata ta girme ta. Sai ta ce Gimbiya da bakinta ta faɗa mata: duk ranar da na ƙwace, wayar ƙawarta take ara ta buɗe sabon shafi. Shafi huɗu gare ta. Guda ɗaya kawai na sani.

"Ƙwacewa ɓoyo kawai ta koya mata, Baba. Ku gwada kama ta tana yin daidai, ku yaba mata nan take."

Na ce ai sai ta yi daidai ɗin tukuna. Ta yi murmushi irin na likita idan ya ga mara lafiya mai gardama. Sati shida za mu gwada.

Mai kifi ya kira ni sau biyar. Kifinsa ya fara wari, ni ma raina ya fara.

Talata, 6 ga Mayu

Zaman doka, kamar yadda aka umarce mu. Ni, uwar yara, Gimbiya, sai Inna, mahaifiyata, da ba wanda ya gayyace ta amma ta jawo kujerarta.

Doka uku. Kafin ta ɗora hoto ko bidiyo za ta nuna wa ɗayanmu. Ba za ta karɓi kowa ba sai wanda ta sani ido da ido. In wani abu ya shigo da bai kwanta mata ba za ta kawo mana, kuma in ta kawo da kanta ba za a ƙwace waya ba, ko mene ne.

Na ce "ko mene ne" ɗin nan ya yi faɗi. Uwar yara ta ce haka Malama ta rubuta. Na ce Malama ce ta haife ta?

Duk wadda ta kiyaye, tauraro ɗaya a takardar da muka manna a ƙofar firij. In sun kai goma, ta zaɓi inda za mu fita ranar Asabar. Ta rufe shafi uku a gabanmu, ta goge bidiyon malamin, gobe za ta ba shi haƙuri.

Sai Gimbiya ta ɗaga hannu, a gidan ubanta, wai ita ma tana da doka. Ba waya a wajen cin abinci, ga kowa. Kuma Baba ya daina ihu.

Na ce ni ba na ihu. Inna ta ce in maimaita a hankali, kunnenta ya toshe.

Laraba, 7 ga Mayu

Ban ga abin yabo ba. Na duba sosai.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ƙarfe bakwai ta ajiye waya a kan caja a falo ba tare da an ce mata ba. Uwar yara ta zungure ni. Na gyara murya na ce, "Kin kyauta."

Ta waigo. "Baba, lafiya?"

Na ce lafiya lau. Ta ce da me ta kyauta? Na manta Malama ta ce a faɗi abin da aka yi, ba a jefa yabo kamar ana jefa wa kaza tsaba ba. Na ce da kika ajiye a kan lokaci. Ta daɗe tana kallona kamar mai neman inda tarkon yake, sannan ta shige ɗaki.

Zufa na yi. Na ɗauki firiza a baya zuwa hawa na uku ban yi irin wannan zufar ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Muna cin abinci mai kantin magani ya kira, firij ɗin alluransa ya tsaya. Na ɗauka mana. Aiki ne. Ina ajiyewa na ga Gimbiya ta miƙe ta ɗauko biro, ta zana gida na musamman a takardar, ta rubuta "Baba", ta sa sifili.

Na ce allurar mutane ce. Ta ce ita ma jiya ƙawarta ce ba ta da lafiya, amma ba ta ɗauka ba.

Inna har da ƙwarewa don dariya. Uwar yara kuma ta samu ƙofa: wai tun da ana maganar firij, robar ƙofar namu wata uku ke nan da saki, da kujera ake tare shi. Kowa a gidan nan yana da abin da yake jira in yi kuskure ya fito da shi.

Talata, 13 ga Mayu

Ta nuna wa uwarta hoton wainar fulawar da ta soya kafin ta ɗora. Tauraro. Yanzu har abin da ya ƙone a kasko sai duniya ta gani.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na san za a rina.

Matar ƙanena ce ta turo min, da tambayar wai na gani? Hoton Gimbiya da ƙawayenta biyu a bakin get ɗin makaranta, cikin kayan makaranta, sunan makarantar ɓaro-ɓaro a bayansu. Ba ta tambayi kowa ba.

Ban tsaya tunanin Malama ba. Na shiga gida, na fizge wayar daga hannunta, na jefa cikin akwatin kayan aiki na datse da kwaɗo. Na faɗi maganganu. Na ce ba ta da kai. Na ce taurarin banza da wofi. Maƙwabta sun ji, na tabbata, don mai wankin ƙasa da mu ya kashe rediyonsa.

Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Cewa kawai ta yi, "Dama na sani." Ta cire takardar daga firij ta ninke ta ajiye a kan tebur.

 Uwar yara ta zuba min abinci ta manta da cokali.

Juma'a, 16 ga Mayu

Gidan shiru. Ta gaishe ni, na amsa, shi ke nan.

Asabar, 17 ga Mayu

Uwar yara ta kira Malama ta miƙo min waya ina tsakiyar aske gemu. Kai ƙara ke nan.

Malama ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na samu abin cewa. Ta ce karya doka yana da hukunci, amma ƙarami, wanda aka sani tun farko: ta goge hoton, ta rasa lokacin wayarta na yini ɗaya, washegari a ci gaba. Ta ce kwana takwas yarinyar ta kiyaye, ta karya ɗaya, wanne na fi ɗaga murya a kai?

Na ce ba ta san 'yata ba. Ta ce gaskiya ne, ni na san ta. "To yanzu in wani abu ya same ta a wayar ƙawarta, wa za ta faɗa wa?"

Da kumfa a fuska na je na buɗe akwatin. Wayar ta sha baƙin mai. Na goge da tsumma na kai mata, na ce hoton ya sauka, kuma ga dalili: duk wanda ya gani ya san inda take daga safe zuwa azahar, ya san kayan da take sawa. Ta ce ba ta lura da allon ba. Na ce na yi ihu, bai kamata ba. A gurguje na faɗa, ina kallon bango.

Inna daga ɗakinta: "Me ya ce? Ban ji ba."

Ta ji sarai.

Laraba, 21 ga Mayu

Ta kawo min hoto da kanta, ni, ba uwarta ba. Ta ce ta yanke gefe saboda lambar gidanmu ta fito. Na ce yanke lambar nan dabara ce, ban yi tunaninta ba. Wannan karon ya fito daga bakina ba tare da tari ba.

Sai ta ce to ni ma hoton da na ɗora na shagona har da lambar baburina a ciki. Ba a yi wa yaran yanzu alheri a zauna lafiya.

Juma'a, 23 ga Mayu

Mutum biyu sun nemi ta karɓe su, ta ƙi, ta nuna. Taurari bakwai. Ni sifili uku.

Talata, 27 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Wajen ƙarfe biyu da rabi ina shago, kaina a bayan wani firij ina cika masa gas, na ji an ce "Baba." Gimbiya ce da jakar makaranta. Ba ta taɓa zuwa shago ita kaɗai ba, warin mai take ƙi. Leɓenta ya bushe. Ta tsaya nesa da ni kamar taku uku, ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Doka ta uku. Ka ce ba za ka ƙwace ba."

Na goge hannu na karɓa. Wata ce, ko wai wata. Hoton yarinya mai kwalliya, 'yar shekara sha huɗu daga wata makaranta. Tun kafin dokokinmu ta karɓe ta, wata biyu suna hira: malamai, takalma, iyaye masu takura. Har ni ina ciki, an kira ni "sojan gida". Daga baya ta nemi hoto, Gimbiya ta tura na fuskarta. Sai ta fara neman wani iri. Gimbiya ta ƙi, ta ƙi, ta daina amsawa. Jiya saƙon ya sauya murya, ashe namiji ne. Ya ɗauki fuskar 'yata ya ɗora a jikin da ba nata ba. Ya ce ko ta turo na gaske, ko ta same shi bayan tashar mota ranar Alhamis, ko ya tura wa ajinsu da ubanta.

Sufanar kwance ƙusa tana hannuna na hagu. Ban san ina matse da ita ba sai da na ga shatinta a tafina. Duk abin da na saba faɗa ya taru a maƙogwarona: ba na hana ki ba, wa ya aike ki, wata biyu kina ɓoye min. Tana kallon bakina, tana jira. Ƙafarta ɗaya ta riga ta juya wajen ƙofa.

Na ce, "Kin kyauta da kika kawo min. Kin kyauta da kika ƙi." Muryar ba tawa ba ce.

"Ba za ka yi faɗa ba?"

Na ce zan yi, amma ba da ke ba.

Nan ta fashe. Ta kifa kai a rigata mai maiƙo, kayan makarantar duk sun ɓaci. Tun jiya da rana take ɗauke da abin nan ita kaɗai. Ta ce sau biyu ta zo ƙofar ɗakinmu ta koma.

Na rufe shago. Mai firij ɗin ya zo ya tarar da kwaɗo, ya turo min saƙo mai tsawo. Ya yi ta turowa.

Laraba, 28 ga Mayu

Malama ta ce kada mu goge komai, kada mu amsa masa. Muka ɗauki hoton saƙonnin duka, muka kai rahoton shafin, muka toshe shi. Gimbiya ce ta nuna min inda ake dannawa. Ni da nake kwance inji in mayar, na kasa gano maɓalli ɗaya.

Daga nan ofishin 'yan sanda, ni da uwarta. Awa uku a benci. Wanda ya fara sauraronmu ya tambaye ni me ya sa na ba yarinya waya. Na buɗe baki, uwar yara ta taka min ƙafa. Daga baya aka haɗa mu da wata jami'a da ta san abin da take yi, ta karɓi komai ta ba mu lamba. Ta ce irin waɗannan mutanen da tsoron iyaye suke aiki, muddin yaro ya fi tsoron gida a kan su, sun samu.

Ban ji daɗin yadda ta kalle ni ba lokacin da ta faɗa. Wataƙila ma ba ni take kallo ba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ni na kai ta makaranta, ni na ɗauko ta. Da muka wuce tashar mota na rage gudu ina duba fuskoki. Kowa ya yi min kama da shi, har mai sayar da jarida.

Juma'a, 30 ga Mayu

Ya aikata. Ta wani sabon shafi ya tura hoton wa yara shida a ajinsu.

Allah ya sa Malama ta riga shi. Tun Laraba ta tara ajin ta ce akwai wani mai haɗa hotunan ƙarya, duk wanda ya samu kada ya tura wa kowa, ya kawo mata. Biyar suka kawo. Ɗaya ya tura wa abokinsa, an kira uban.

Sai ga wata sabuwa: ba Gimbiya kaɗai ba ce. Akwai wasu yara mata biyu a ajin. Ɗayarsu ta daɗe tana tura masa abin da ya nema, don tsoro. Da ubanta ya ji jiya, ya doka wayar da ƙasa, ya bi da guduma. Duk shaidar ta tafi. Na gan shi a bakin ofishin shugabar makaranta yana huci, yana cewa ai ya gama da matsalar. Na san shi, direban babbar mota ne, mutumin kirki. Maganganun da yake yi duk na san su, har inda yake ɗaga murya.

Na wuce shi. Me zan ce?

Litinin, 2 ga Yuni

Ta ƙi tashi. Wai cikinta. Na san cikin.

Na zauna a bakin gadon na ce ba ita ta yi abin kunya ba. Ta ce kowa zai kalle ta. Na ce za su kalla, kwana biyu, sannan wani ya faɗi a filin wasa su koma kansa. Na ce in ta shiga zan tsaya a get har a buga ƙararrawa.

Ta shiga. Na tsaya. Mai gadi ya ba ni kujera, ya ɗauka na zo gyara ne, ya kai ni wajen injin ruwan sanyinsu da ya lalace. Na gyara kuwa, kyauta. Haka kawai na rasa safiya guda.

Alhamis, 5 ga Yuni

Ya kuɓuce min. Muna maganar a falo na ce, "Da tun farko kin ji maganata..." Uwar yara ta tashi ta kunna injin markaɗe, babu komai a ciki. Na haɗiye sauran maganar.

Inna ta ce ni ma ina yaro duka bai taɓa sa ni yin komai ba, sai in ta ce babu mai iya ɗaura igiyar shanya kamar ni. Wai shekara biyu ina ɗaura igiya a gidan. Ban tuna wannan ba, kuma ban yarda ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Taurari goma sun cika tun tuni, rikici ya hana. Na ɗauka wurin shan ƙanƙara za ta zaɓa. Sai ta ce gidan 'yar direban nan, ashe ƙawarta ce, wadda sati guda ba ta zo makaranta ba.

Na kai ta. Suna ciki, ni da uban muna waje a kan benci, muna maganar tsadar taya. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Taka ita ta faɗa maka?" Na ce eh. Ya ce ta yaya? Na ce oho, sa'a ce. Na so in ƙara wani abu, sai na ji kunya, kada ya ga kamar wa'azi na zo yi. Na dai ba shi lambar Malama, na ce tana da surutu amma ya daure.

Laraba, 11 ga Yuni

Jami'ar ta kira. An rufe shafukan, ana bin sawu, kada mu sa rai da wuri. Wato yana nan, a wani wuri, da wata sabuwar fuska. Na kasa cin abincin rana.

Gimbiya ta rage mutanen shafinta daga ɗari uku da wani abu zuwa arba'in da ɗaya, ba wanda ya sa ta. Na ce wannan aikin manya ne. Ta ce in daina, na fara yawa.

Ka yaba a ce ka yi yawa, ka yi shiru a kai ƙararka.

Lahadi, 22 ga Yuni

Da la'asar ina tsakar falo ina wanke fankar tebur, ta wuce da waya ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Har ta rufu. Can na ji tana dariya, irin ta ƙasa-ƙasa, ta yi shiru, ta sake.

Na tashi. Na isa ƙofar, hannuna a kan mariƙi. Da wa take? Me ake nuna mata? Na tsaya nan ban san ko minti nawa ba, ruwan sabulu yana ɗiga daga gwiwar hannuna a kan tayil.

Sai na koma wajen fankata.

Ba wani abu ba ne. Hannuna ne da kumfa, kuma uwar yara ba ta son a ɓata mata ƙofa.

Ta fito bayan rabin awa, ta sha ruwa, ta tambaye ni ko ta riƙe min ƙusoshin. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Har yanzu ban san abin da ya ba ta dariya ba, kuma abin yana cina, kada wani ya ce ba ya cina.

Ta ɓatar min da ƙusa ɗaya. Fankar tana juyawa da uku.